Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41 da Tambayar "Ina Amfaninta?"

A ranar 21 ga Oktoba, 2024, wata ƙungiyar masu aikin sa-kai da ake kira GIMPS ta sanar da cewa an gano wata lamba wadda babu abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta, kuma a cikin lambobi masu wannan siffa ba a taɓa tabbatar da wadda ta kai ta girma ba. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Da mutum zai zauna yana karanta su, guda ɗaya a kowane sakan, ba barci ba cin abinci, sai ya yi kusan kwana 475 kafin ya kai ƙarshe. Da za a rubuta ta a layi guda, kowane gurbi ya ci rabin santimita, layin zai haura kilomita 200, wato ya tashi daga Kano ya wuce Zariya bai tsaya ba. Da kuma za a buga ta a takarda, alƙaluma dubu uku a kowane shafi, sai an tanadi shafi fiye da 13,600.

Duk da wannan girma, ana iya faɗin ta a numfashi ɗaya. A jera biyu-biyu har guda 136,279,841, a ninka su gaba ɗaya, sa'an nan a cire ɗaya. Domin sauƙin magana, bari mu riƙa cewa "biyu hawa uku" idan muna nufin 2 sau 2 sau 2, wato takwas. Ke nan lambar tamu ita ce biyu hawa 136,279,841, a cire ɗaya.

Wanda ya gano ta, Luke Durant, mazaunin San Jose ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA. Kafofin watsa labarai sun ruwaito cewa aikin ya cinye masa kusan dala miliyan biyu daga aljihunsa, alhali ladan da ƙungiyar ke bayarwa dala dubu uku ne kacal. Duk mai hankalin da ya ji wannan lissafi zai tambaya: ina amfaninta? A ƙasar da magidanci ke auna kuɗin mota da kuɗin cefane kafin ya fita da safe, tambayar ba ta raini ba ce, kuma ba ta cancanci a amsa ta da raini ba. Sai dai ba a yanke wa abu hukunci kafin a san shi, don haka bari mu fara da sanin ko mece ce ita.

Lamba irin wannan ita masana lissafi ke kira firam, mu kuwa za mu kira ta gagara-raba. Mai goro goma sha biyu yana iya kasa su kashi biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, ba tare da saura ba. Mai goro goma sha uku kuwa duk yadda ya kasa sai ya ga ragowa, in ba ya ba mutum goma sha uku ɗai-ɗai ba, ko ya ba mutum ɗaya duka. Biyu, uku, biyar, bakwai, goma sha ɗaya da goma sha uku duk gagara-raba ne. Muhimmancinsu shi ne su ne tubalan da aka gina sauran lambobi da su. Sittin ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, kuma babu wata hanya ta biyu da za a warware ta. Kowace lamba da ta haura ɗaya, ko dai gagara-raba ce, ko kuwa an gina ta da su ta hanya ɗaya tak.

Wanda ya yi karatun rabon gado a zaure ya taɓa leƙa ƙofar wannan fanni ko da bai san sunansa ba. Idan malami ya zo gyara asalin mas'ala, yakan dubi lambobi biyu ya ga ko iri ɗaya ne, ko ɗaya ta shige cikin ɗaya, ko sun haɗu a wani kaso, ko kuwa babu abin da ya haɗa su, abin da littattafan fiƙihu ke kira tabayuni. Huɗu da tara suna tabayuni, shida da tara kuwa sun haɗu a sulusi. Gagara-raba ita ce lambar da ke tabayuni da duk wata lamba da ke ƙasa da ita.

Shin waɗannan lambobi suna da iyaka? An amsa wannan tambaya a birnin Iskandariyya na Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a littafin Yuklid, wanda malaman Larabci ke kira Iƙlidis. Hujjar tasa ba ta wuce a rubuta ta a tafin hannu ba. A ɗauka wani ya zo da jerin gagara-raba, ya ce su ke nan babu saura. A ninka su duka, a ƙara ɗaya. Duk wadda ka ɗauka daga jerin ka raba sabuwar lambar da ita, sai ka ga ragowar ɗaya. Ke nan sabuwar lambar ko dai ita kanta gagara-raba ce da ba ta cikin jerin, ko kuwa akwai wata a wajen jerin da ke raba ta. Gwada da shidan farko: 2 sau 3 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13 ya ba da 30,030, a ƙara ɗaya ya zama 30,031, wadda ita ce 59 sau 509, biyu duk baƙi ga jerin. Saboda haka babu gagara-raba mafi girma a duniya. Abin da ake da shi kawai shi ne mafi girma da ɗan Adam ya iya tabbatarwa zuwa wani lokaci.

Sai dai kuma suna ƙara wuya yayin da ake nisa. A cikin ɗarin farko akwai 25. A cikin dubun farko akwai 168. A cikin miliyan na farko akwai 78,498, wato ƙasa da kashi takwas cikin ɗari. A shekarar 1896 wasu masana biyu, Hadamard na Faransa da de la Vallée Poussin na Beljiyam, kowa a nasa ɓangare, suka tabbatar da ƙa'idar da ke bayyana yadda suke raguwa. Bisa wannan ƙa'ida, a unguwar lambobi masu alƙaluma miliyan 41, ɗaya ce kawai cikin kimanin miliyan 94 ke zama gagara-raba. Wanda ya tafi nema da ka a wannan daji zai tsufa bai samu ba. Dole sai an san inda za a haƙa.

Wurin da aka fi haƙa shi ne dangin lambobin da ake samu idan aka ninka biyu hawa-hawa aka cire ɗaya: 3, 7, 15, 31, 63, 127, da sauransu. Ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Abu na farko da aka lura da shi shi ne idan adadin hawan yana rabuwa, to lambar ma za ta rabu. Hawa huɗu ya ba da 15, wato 3 sau 5. Hawa shida ya ba da 63, wato 7 sau 9. Dalilin yana fitowa fili idan aka rubuta su da harshen kwamfuta, wanda ba shi da alama sai sifili da ɗaya. A can, 7 ita ce 111, 15 ita ce 1111, 63 kuma 111111, wato ɗaya-ɗaya zalla. Kamar yadda a lissafinmu na yau da kullum 111111 ke rabuwa da 11 da 111 domin ana iya yanka jerin gunduwa-gunduwa daidai, haka abin yake a can. Don haka sai adadin hawan ya zama gagara-raba kafin a sa rai.

Amma sa rai daban, samu daban. Goma sha ɗaya gagara-raba ce, amma biyu hawa 11 a cire ɗaya ya ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. A shekarar 1644 Mersenne ya wallafa jerin hawa goma sha ɗaya da ya ce su ne kaɗai ke ba da gagara-raba daga biyu zuwa 257. Sai da aka yi kusan shekara ɗari uku kafin a gama tantance maganarsa, aka kuwa tarar ya yi kuskure biyar: ya saka 67 da 257 waɗanda ba su cancanta ba, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda suka cancanta. Labarin 67 ya shahara. A 1903, a wani taron masana lissafi a birnin New York, Frank Nelson Cole ya hau allo ya lissafa biyu hawa 67 ya cire ɗaya, ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsoshin biyu suka zo daidai. An ruwaito cewa nemo waɗannan lambobi biyu ya cinye masa ranakun Lahadi na shekara uku.

Lambar Durant ita ce ta 52 da aka sani a wannan dangi. Abin sha'awa shi ne muna iya faɗin halayenta da yawa ba tare da mun gan ta ba. Alƙaluman ƙarshe na hawan biyu suna zagaye ne huɗu-huɗu: 2, 4, 8, 6, sa'an nan a koma 2. Idan aka raba 136,279,841 da huɗu ragowar ɗaya ce, ke nan ninkin ya ƙare da 2, a cire ɗaya ya zama 1. Lambar tana ƙarewa da 1, kuma ɗalibin sakandare zai iya tabbatar da haka a bayan littafinsa. Da ɗan lissafin logaridim za a gane tana farawa da 88. Idan aka raba ta da 24 ragowar bakwai ce, kamar yadda yake ga 31 da 127 da 8,191. A harshen kwamfuta kuwa ɗaya-ɗaya ce guda 136,279,841, babu sifili ko guda a cikinta. Akwai kuma wata ƙa'ida da Chebyshev na Rasha ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19, cewa tsakanin kowace lamba da ninkinta biyu ba a rasa gagara-raba. Ke nan mun san tabbas akwai wata da ta fi ta girma ba da nisa ba, ko da yake babu wanda zai iya nuna ta da yatsa.

Tana kuma da 'yar'uwa. Tun zamanin Girkawa ake sha'awar abin da ake kira kammalalliyar lamba, wato wadda idan aka tara duk lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, sai su ba da ita daidai. Shida ita ce 1 da 2 da 3. Ashirin da takwas ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Yuklid ya nuna cewa duk gagara-raba ta wannan dangi tana haifar da kammalalliya guda: a ninka ta da rabin lambar da ke biye da ita. Uku sau biyu shida, bakwai sau huɗu 28, 31 sau 16 ya ba da 496, 127 sau 64 ya ba da 8,128. Masanan Bagadaza da Alƙahira, irin su Sabit bin Ƙurra da Ibnul Haisam, sun yi aiki a kan waɗannan mas'aloli, har a ƙarni na 18 Leonhard Euler ya tabbatar cewa duk kammalalliyar lamba ta cika, wato mai rabuwa biyu daidai, ta wannan hanya kaɗai take fitowa. Saboda haka ranar da Durant ya gano lambarsa, ya gano kammalalliya ta 52, mai alƙaluma 82,048,640. Ko akwai kammalalliya ta mara, wato wadda ba ta rabuwa biyu, tambaya ce da ta haura shekara dubu biyu ba a amsa ta ba. Haka nan babu wanda ya tabbatar ko gagara-raba na dangin Mersenne suna da iyaka ko ba su da ita.

To ta yaya aka san babu abin da ke raba lamba mai wannan girma? Hanyar da aka koya mana a firamare, ta gwada rabawa da lambobi ɗaya bayan ɗaya, ba za ta yi aiki ba. Lambobin da za a gwada adadinsu kansa yana da alƙaluma fiye da miliyan ashirin, alhali ƙiyasin masana na dukkan ƙwayoyin zarra da ke sararin da ake iya hange bai wuce lamba mai alƙaluma tamanin da ɗoriya ba. Ko da kowace ƙwaya kwamfuta ce, aikin ba zai ƙare ba.

Mafitar ta zo daga Édouard Lucas na Faransa a 1876, Derrick Lehmer na Amurka kuma ya kammala ta a 1930. Ga yadda take. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a cire biyu, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe ragowar. A maimaita da ragowar. Adadin maimaitawar shi ne adadin hawan a cire biyu. Idan ragowar ƙarshe sifili ce, lambar gagara-raba ce, in kuwa ba sifili ba ce, tana rabuwa. Mu gwada da 31, wadda hawanta biyar ne, don haka zagaye uku za a yi. Huɗu sau huɗu a cire biyu, 14. Sha huɗu sau sha huɗu a cire biyu, 194, a raba da 31 saura 8. Takwas sau takwas a cire biyu, 62, wato 31 sau biyu cif, babu saura. An tabbatar. Idan aka yi wa 2,047 zagayenta tara, ragowar ƙarshe 1,736 ce, ke nan ta faɗi. Lura da cewa gwajin ya kama ta ba tare da ya faɗi 23 ko 89 ba. Ta irin wannan hanya Lucas ya san lambar hawa 67 tana rabuwa shekara 27 kafin Cole ya nemo masu raba ta, kuma da ita ya tabbatar da biyu hawa 127 a cire ɗaya, mai alƙaluma 39, wadda har yau ita ce gagara-raba mafi girma da aka tabbatar da hannu.

Daga nan sai injuna suka karɓa. A 1952 Raphael Robinson ya yi amfani da wata kwamfuta mai suna SWAC a Los Angeles ya gano guda biyar cikin shekara ɗaya, masu hawa 521 da 607 da 1,279 da 2,203 da 2,281. A 1996 George Woltman ya kafa GIMPS, ya rubuta manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta ya bar kwamfutarsa tana aikin a lokacin da ba ya amfani da ita. Da wannan aikin gayya aka gano 18 na ƙarshe a jerin. Wadda ta gabaci ta Durant an same ta ne a Disambar 2018, mai hawa 82,589,933 da alƙaluma 24,862,048. Durant ya canza salo: ya yi hayar dubban na'urorin sarrafa hoto, irin waɗanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, a cibiyoyin ajiyar bayanai da ke ƙasashe 17. Ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dublin ta ba da alamar farko, washegari wata a San Antonio ta jihar Texas ta kammala gwajin Lucas da Lehmer, zagaye 136,279,839, ragowar ta fito sifili. Duk da haka ba a yi shela ba sai da wasu mutane suka sake gwajin da manhajoji daban a kan na'urori daban.

Yanzu mu koma ga tambayar. Gaskiyar magana, ita wannan lamba a yau ba ta tsare asusun kowa a banki, ba ta warkar da cuta, ba ta ƙara wa gona yabanya. Masu cewa da ita ake kulle saƙonnin intanet sun yi ƙari. Tsarin RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a 1977, yana dogara ne da gagara-raba guda biyu na sirri, masu alƙaluma kimanin ɗari uku kowace, waɗanda ninka su ke da sauƙi amma warware ninkin ke da matuƙar wuya. Lambar da duniya duka ta sani, mai alƙaluma miliyan 41, ba ta da wurin zama a nan.

Amma tarihin wannan fanni ya koya mana kada mu yi gaggawar cewa abu ba shi da amfani. Ƙa'idar da RSA ta tsaya a kanta ta samo asali daga wata wasiƙa da Pierre de Fermat ya rubuta a 1640, Euler kuma ya faɗaɗa ta bayan fiye da ƙarni guda. Babu ɗayansu da ya yi mafarkin na'urar cirar kuɗi. A 1940 masanin lissafin nan na Ingila, G. H. Hardy, har alfahari ya yi da cewa ilimin lambobi ya yi nesa da harkokin yaƙi da na duniya. Shekara 37 bayan haka ilimin ya zama makullin kasuwancin zamani. Lambar nan mai hawa 521 da Robinson ya gano a 1952, wadda a lokacin ba ta da aiki sai shiga littafin tarihi, yau a kanta aka gina ɗaya daga cikin tsare-tsaren ɓoye bayanai da hukumar ma'auni ta Amurka ta amince da su. Saƙon WhatsApp da mai karatu ya aika da safen nan an kulle shi ne da lissafin da ya dogara da wata gagara-raba, biyu hawa 255 a cire 19. Ita ma lambar hawa 19,937 ita ce ƙashin bayan wata dabarar samar da lambobin ƙuri'a da wasu Japanawa biyu suka ƙirƙira a 1997, wadda masu bincike ke amfani da ita a ko'ina.

Farautar kanta ma ta sha kamo abin da ba a fita nema ba. A 1994 wani malamin lissafi a jihar Virginia, Thomas Nicely, yana bincike a kan tagwayen gagara-raba, ya ga amsoshinsa ba su daidaita. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin Pentium tana kuskure a wasu rabe-rabe, abin da ya ja wa kamfanin Intel asarar dala miliyan 475. Dalili kuwa shi ne lissafi irin wannan ba ya yafe kuskure ko na gurbi ɗaya, shi ya sa har yau masu haɗa kwamfuta ke gwada lafiyar injunansu da manhajar GIMPS.

Duk da haka, a ganina babban abin da ya kamata mu ɗauka daga wannan labari shi ne bambancin da ke tsakanin "na gwada na gani" da "na tabbatar". Dubi wannan jeri: 31, 331, 3,331, 33,331, 333,331, 3,333,331, 33,333,331. Bakwai ɗin duka gagara-raba ne. Wa zai zargi wanda ya rantse cewa haka abin zai ci gaba? Amma ta takwas, 333,333,331, ita ce 17 sau 19,607,843. Fermat da kansa ya faɗa irin wannan rami: ya ga lambobi biyar na wani jeri duk gagara-raba, ya zaci sauran ma haka ne, sai a 1732 Euler ya nuna ta shida tana rabuwa da 641. Misali bakwai, ko dubu bakwai, ba su zama hujja ba. Al'ummar da saƙon murya ɗaya ke iya hana ta kai yara rigakafi, ko ya sa ta zuba jarinta a hannun mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda domin mutum goma na farko sun karɓi riba, tana da bukatar wannan darasi fiye da yadda take bukatar kowace dabarar cin jarrabawa. Ɗalibin da ya taɓa bin hujjar Yuklid da kansa, ya ga yadda layi biyar suka rufe ƙofar musu har abada, ya sami ma'aunin da zai riƙa auna maganganun mutane da shi.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda aka fi koyar da lissafi a makarantunmu. Ana ba yaro ƙa'ida ya haddace, a ba shi tambayoyin shekarun baya ya maimaita, a auna shi da zaɓin amsa ɗaya cikin huɗu. Kalmar "don me" ba ta cika samun wuri a aji ba, malamin da ke fama da ɗalibai fiye da yadda ajin zai ɗauka kuwa ba shi da lokacin amsa ta. Sakamakon shi ne mutum ya gama sakandare, har ma jami'a, yana ganin lissafi wata ƙaya ce da ya cire ya huta. Alhali ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya tashi daga Katsina ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina hatimin lambobi mai gidajen mara, inda kowane layi ke ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi na duniya suna ambaton sa har yau.

Ba ina kira ga kowa ya bi sawun Durant ba ne. Wanda wutar lantarki ba ta kwana a gidansa ba zai bar kwamfuta a kunne wata da watanni tana farautar lamba ba, kuma yadda farautar ta koma hannun masu hayar dubban na'urori ya nuna cewa yanzu mai abin hannu ne ke gaba a wannan tsere. Kyautar dala dubu 150 da wata gidauniya a Amurka ta ajiye wa wanda ya fara gano gagara-raba mai alƙaluma miliyan ɗari, da wuya ta zo wannan yanki. Amma injunan ba su ƙirƙiri komai ba, umarnin Lucas da Lehmer suke bi, su kuwa waɗannan sun gina ne a kan Euler da Fermat da Yuklid, waɗanda kayan aikinsu takarda ce da alƙalami. Wannan ɓangare na aikin, wanda shi ne mai daraja, kuɗinsa bai wuce na littafin rubutu ba, kuma yaron da ke Gumel ko Maraɗi yana da damar shiga cikinsa daidai da na San Jose, muddin ya sami malamin da zai nuna masa ƙofa. Sassan lissafi na jami'o'inmu da kwalejojin horar da malamai za su iya farawa da abu mai sauƙi: sa'a ɗaya a mako a makarantun da ke kusa da su, wadda ba a shirya ta domin jarrabawa ba, inda za a ba yara tambaya a bar su su yi ta kokawa da ita har su kawo dalili.

Ga aikin gida ga ɗalibai da malamansu. Ku ɗauki 127, wato biyu hawa bakwai a cire ɗaya, ku yi mata gwajin Lucas da Lehmer. Zagaye biyar ne, za ku fara da 4, ragowar farko 14 ce, ta biyu 67. Ku nemo sauran ukun, ku ga inda za ku tsaya. Wanda ya gama ya gwada 8,191, mai hawa 13 da zagaye goma sha ɗaya, sa'an nan ya nemo kammalalliyar lambar da take haifarwa.